Haraji Ya Sami Mai Shela, Katin Asibitin Tsoho Bai Samu Ba

Dattawan ƙasar Gumel ba su manta da zamanin haraji ba. Da an yi girbi, gero ya shiga rumbu, tun manomi bai huta gajiyar damina ba sai a ji ganga da muryar mai shela a ƙofar gidan dagaci, wai lokacin biya ya yi. Ba a taɓa jin wanda labarin nan ya wuce shi ba. Mai unguwa ya san ƙofar kowa, malamin haraji yana da sunan kowane baligi a littafi, ko ruga ce a can bayan Sule Tankarkar masu jangali sun san hanyarta, sun kuma san yawan shanun da ke cikinta. Haka aka yi ta yi tun zamanin En'e har shekarar 1979, sa'ad da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar nan tamu ke cikinta a lokacin. Mun tuno da wannan ne don mu tabbatar da abu guda, watau hukuma in ta so maganarta ta kai kunnen talaka, ta san yadda a ke yi.

To, jama'a, yau ga wata magana wadda talaka ne zai ci amfaninta, amma ganga ta yi shiru. Maganar katin asibiti mu ke nufi, musamman na tsofaffin da suka gama aikin gwamnati suka komo gida, da ikon da su ke da shi na canja asibiti ko canja tsarin da su ke ciki. Wanda ya ke shakka ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya tsai da dattijo goma masu karɓar fansho, ya tambaye su yaushe a ke canja asibitin da ke rubuce a katin mutum, kuma wa a ke gani. Mu dai mun san irin amsar da zai kwaso.

Bari mu fara warware abin daga tushe, don akwai 'yan'uwa da yawa da ke jin kalmar inshorar lafiya a rediyo su ɗauka wani sabon haraji ne. Abin ya yi kama da adashi. Jama'a ke zuba kaɗan kaɗan a asusu guda. Bambancin kurum shi ne, a adashi kowa ya san ranar ɗaukarsa, a nan kuwa wanda ciwo ya kayar shi ke ɗauka, shi ya sa waɗansu ke kiransa taimakekeniya, sunan kuwa ya dace. An yi dokarsa a Nijeriya a 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005, zamanin Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Katin ya kan ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. (Wanda ya yi wannan lissafi lalle bai taɓa leƙa gidan Bahaushe ba, amma wannan maganar wata rana ce.) A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar da a ke kira NHIA, ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na marasa ƙarfi, aka ambaci tsofaffi a cikinsu ƙarara. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, tamu ita ce JICHMA da ke Dutse. Duk da wannan tarin dokoki, har ƙarshen 2024 waɗanda ke da katin ba su kai mutum ɗaya cikin goma na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa a kan magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa ya ke fitowa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, muna roƙon mai karatu ya natsu, wanda a ke karanta wa kuma ya kasa kunne. Ranar da aka rubuta mutum, a kan ce ya zaɓi asibiti guda wanda zai riƙa zuwa da fari. Daga ranar nan, kowane wata hukuma na biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan sunansa, ko ya je ko bai je ba, ko yana kwance ko yana gona. A tsarin tarayya an daɗe ana biyan naira 750 a kan kowane suna a wata, sa'an nan daga watan Afrilu na 2025 aka mai da shi naira 1,450. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Asibitin da ke da suna dubu a littafinsa, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da hamsin ke shigar masa duk wata. In mutanen nan suna zuwa, sai ya kashe a kan magani da gwaji. In ba sa zuwa, riba ce tsantsa. Ashe ke nan sunan da ya fi kowanne daɗi a wurin mai asibiti shi ne sunan wanda ya yi nisa, ba ya iya zuwa.

Wane ne wannan da ya yi nisa? Tsoho ne ɗan fansho. Mu ɗauki misali. A ce mutumin Gagarawa ne, ya yi shekara 35 yana masinja ko akawu a wani ofishi a Kano ko a Dutse. Da aka ce ya zaɓi asibiti, sai ya zaɓi na kusa da wurin aikinsa, kuma kowa ma haka zai yi. Ranar da ya aje aiki ya naɗe tabarmarsa ya komo gidan ubansa, don ba a tsufa a gidan haya. In ya ci sa'a yana cikin wani tsari har yanzu, to, jikinsa na Gagarawa, sunansa na birni, kuɗin kuwa suna bin suna. Hawan jini ya taso masa da dare, asibitin da ke kusa ya duba littafi bai ga sunansa ba, sai ya biya kamar wanda bai taɓa zuba ko kwabo ba. In kuwa ya ce sai ya je inda sunansa ya ke, kuɗin mota zuwa da komowa, shi da wanda zai riƙe shi, sun fi kuɗin ƙwayar da za a ba shi. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da direba ke cewa a tasha. Sai tsoho ya haƙura, ya aiki jika kemis ya sayo na kwana uku, sauran kwanakin wata a bar wa Allah.

Wannan ma wanda ya ci sa'a ke nan. Tsarin da aka fara da shi a 2005 na masu albashi ne, saboda haka ma'aikacin tarayya farar hula in sunansa ya fita daga takardar albashi, inuwar nan ta kan janye daga kansa. Ku dubi wannan al'amari, jama'a. Sa'ad da mutum ke da ƙarfi, shekara na zagayowa bai sha ko ƙwayar ciwon kai ba, yana cikin littafi. Sa'ad da gwiwa ta fara ƙara, yana ta rufe ido, fitsari ya fara gardama, suga ta hau, a sa'an nan ne a ke ce masa ya tashi ya nemi wata ƙofa. Ƙofar kuwa akwai ta, ba mu ce babu ba. A 2020 hukumar tarayya ta buɗe wani tsari mai suna GIFSHIP, wanda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya, har da 'yan fansho, za su iya shiga su riƙa biya shekara shekara. Akwai hukumar jiha, akwai kamfanoni masu zaman kansu, ko da ya ke su waɗannan galibi da sun ga furfura sai kuɗinsu ya hau. Amma sabon shiga ya kan yi kwanakin jira kafin katinsa ya fara aiki. Wanda bai san haka ba sai ya zauna, ran da ciwo ya kwantar da shi sa'an nan a ruga neman kati, a ce masa ai sai an jira. Ciwo kuwa ba ya jira.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, maganin matsalar nisa yana nan rubuce. Ƙa'idojin hukumar tarayya sun ba mai kati ikon ya canja asibitinsa in ya yi wata shida da shi bai gamsu ba. Wannan iko shi ne bulalar talaka, ba shi da wata. Mahaucin da ya san za ka iya wucewa rumfar gaba ba ya sa maka ƙashi a ma'auni. Haka mai asibiti, in ya san tsoho na iya ɗauke sunansa ya kai wani wuri, kuma kuɗin wata su bi shi, ba zai riƙa cewa magani ya ƙare je ka saya a waje ba, ba kuma zai bar mai kati a benci har azahar yana ganin masu kuɗi a hannu suna shiga suna fita ba. Amma bulalar da ke kulle a akwatin ofis, mai ita bai san da ita ba, jaki ma ba ya tsoronta.

Mun san abin da manyan ofis za su ce. Za su ce in aka bar kowa ya canja ran da ya ga dama lissafi zai rikice, asibiti ba zai san yawan maganin da zai tanada ba, waɗansu kuma ba za su shiga ba sai sun ji ciwo, su ci asusu su fita. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za mu ƙi gaskiya don ta fito daga bakin abokin hamayya ba. Adashin da kowa ke shiga ranar ɗaukarsa ya fita washegari ba ya kai wata. Amma ai waɗansu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka akwai inshorar gwamnati ta tsofaffi mai suna Medicare, wadda aka kafa a 1965 don waɗanda suka kai shekara 65. Kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, a kan buɗe ƙofa kowane tsoho ya duba tsarin da ya ke ciki, in bai yi masa ba ya koma wani, sabon ya fara aiki ran 1 ga Janairu. Kafin lokacin ya zo, tilas kamfani ya aika wa tsoho takarda ya gaya masa abin da zai sake a shekara mai zuwa, na kuɗi da na magani. Wanda kuma ya yi ƙaura zuwa inda tsarinsa bai kai ba, ba a ce ya jira Oktoba, a kan ba shi dama tasa dabam. Ba mu ce tsarin Amurka ba shi da aibi ba, can ma akwai 'yan damfara da ke bin tsofaffi da daɗin baki. Abin da mu ke so a gani shi ne, lokacin sananne ne, kowa ya san ranar buɗewa da ranar rufewa, kamar yadda manomi ya san kaka.

In an ce Amurka ta yi nisa, to, ga Gana, ƙasar da kakanninmu suka yi ta zuwa fataucin goro. Tun 2003 ta kafa nata tsarin, kuma a cikinsa an ɗauke wa wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara, haka kuma masu karɓar fansho daga asusun fanshon ƙasar. Gana ba ta fi mu mai ba, ba ta fi mu jama'a ba.

Saboda haka ga abin da mu ke nema daga hukumar da ke Dutse da ofishin hukumar tarayya, kuma ba alfarma mu ke roƙo ba. A tsai da lokaci guda sananne a kowace shekara na shiga da na canji, a sa shi da kaka, sa'ad da riɗi da zoɓo suka shiga kasuwa, ɗa ke da abin da zai biya wa ubansa. Wanda ya sa irin wannan lokaci a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, kowa na gona, ya buɗe ƙofa ne a ranar da ya san ba mai zuwa. In lokacin ya ƙarato a yi shela a rediyo da Hausa da Fulatanci, a faɗa a masallatan Juma'a, a ba hakimai da dagatai da masu unguwanni takarda, su da ma aikinsu ne tun asali. Sa'an nan a ɗauko tebur da na'ura a kawo inda mutane su ke, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ranar kasuwar kowane gari. Kada a ce mana ai ana iya yi ta intanet. Tsohon da yana ta rufe wa ido, wayarsa ma jikansa ke danna masa. Kada kuma a ce ba hali. In zaɓe ya ƙarato, na'urar rajista har ƙauye ta ke zuwa. Masu rigakafin shan inna gida gida su ke bi, har su yi rubutu da alli a bango. Gwamnatin da ke iya gane ƙofar jariri ta iya gane ƙofar kakansa.

Ɗan fanshon da ya komo gida kuwa bai kamata ya jira kaka ba. Ranar da ya miƙa takardunsa na aje aiki, a ranar ya kamata a tambaye shi garin da zai zauna, a mai da sunansa asibitin can, a kuma haɗa tsohon tsarinsa da sabo ba tare da ko kwana ɗaya na jira ba. Mutumin da aka yi shekaru ana zuba kuɗi da sunansa ba baƙo ba ne da za a ce sai an gwada shi.

Ba mu manta ba cewa a 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin kula da lafiyar marasa ƙarfi, mutum 500 a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287 na jihar, jimla 143,500. Abin kirki ko maƙiyi ya yi shi abin kirki ne. Amma kuɗin jama'a ne, don haka jama'a na da ikon gani. A liƙa sunayen kowace mazaɓa a ƙofar asibitinta, a ga tsofaffi nawa ne a ciki, a ga ko gajiyayyu ne aka rubuta. Mai gaskiya ba ya ƙin a ƙirga kayansa a bainar jama'a.

Yanzu mu juyo gare ku, iyayenmu. Baba, kafin ka ɗauke sunanka daga wani wuri ka kai wani, kada kyan gini ya ruɗe ka. Ka tara ledojin magungunan da ka ke sha kowane wata, ka kai su asibitin da ka ke so, ka aje a gaban mai ba da magani, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wanne ke cikin tsari, wanne kuma su kan aje kullum. A tsarin ma'aikatan tarayya mai kati kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, saboda haka ka tambayi nawa ne naka kason a tsarin da za ka shiga, a rubuta maka. Ka tambaya ko akwai mai duba majiyyaci da dare. Ka tambaya in ciwo ya fi ƙarfinsu ina su kan tura mutum, Gumel ko Dutse ko Birnin Kudu ko Kano, kuma wa zai nemo izinin turawar. Wannan izini a tsarin tarayya ya kan fito ne daga kamfanonin da a ke kira HMO, waɗanda ke tsakanin hukuma da asibiti kamar dillali tsakanin mai saniya da mai saye, kuma a 2025 hukumar tarayya ta umurce su su riƙa ba da shi cikin awa ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka, ran da aka ce maka ka dawo jibi ka san abin da za ka faɗa. Abu mafi girma, ka tambayi ranar da sabon kati zai fara aiki, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ko nawa ka biya a ba ka rasit mai hatimin hukuma. Duk wanda ya tare ka a bakin ofis ya ce ka kawo wani abu ya gaggauta maka, ka riƙe kuɗinka ka wuce.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada wani ya ce wannan rigimar 'yan boko ce, ba ruwan mai rumfa. In tsoho ya kwanta, wa a ke aika wa? Kai a ke aika wa. Jarinka a ke taɓawa, ragon da ka ke kiwo don Sallah shi ke tafiya, bashin da ka ɗauko na kaya shi ke zama kuɗin gado da na ƙarin ruwa. Mutanen Maigatari sun ga yadda ciniki ya kwanta sa'ad da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, sun san jari ba shi da wuyar karyewa. Bayan haka, ɗan kasuwa ba shi da ranar aje aiki, ba shi da fansho, ritayarsa ita ce ranar da ƙafa ta ƙi kai shi rumfa. Ƙofar da mu ke bugawa yau don masinja da malamin makaranta, ita ce za ku shiga gobe. Kuna da ƙungiyoyi, na mahauta, na masu hatsi, na dillalan shanu, na direbobi, kuma tsarin tarayya ya yarda ƙungiya ta shiga a dunƙule. Ƙungiyar da ta kawo suna ɗari biyu asibiti guda, ta kuma san tana iya kwashe su gaba ɗaya, ba a yi mata kallon banza.

Muna kira ga sakatarorin rassan jam'iyya na ƙananan hukumomin nan huɗu, kada su jira Dutse. Kowane reshe ya sami littafi, a bi unguwa unguwa a rubuta 'yan fansho da sauran tsofaffi, ba tare da an tambayi mutum jam'iyyar da ya ke yi ba, a rubuta wanda ke da kati da wanda ba shi da shi, da asibitin da ke jikin katin, da garin da mai katin ke kwana. In littattafan sun cika a aiko mana, za mu buga jimlar kowace mazaɓa a wannan shafi, ban da sunan kowa, sa'an nan wakilanmu su ɗauki kwafi su kai wa hukumar da hannunsu, su karɓo sa hannun wanda ya karɓa.